Akwatin da Ya Yi wa Kademi Ƙarya

Sufeto Salahuddeen Bunu yana kurɓar kunun gyaɗa a ofishinsa da ke caji ofis na Gaya, da hantsin wata Talata, sai ya ji hayaniya ta tashi a wajen kantar karɓar ƙorafi. Ya ajiye kofin ya leƙo.

Manoma ne daga Kademi suka cika baranda, kowa riƙe da dunƙulen ganyen wake. Ganyen ya ƙone ya nannaɗe kamar an bi gonar da wuta. A tsakiyarsu akwai wata matashiya da hijabi ruwan toka, jakar kwamfuta a kafaɗarta. Ba ta kuka.

"Mutum ɗaya ya yi magana," in ji Sufeto.

Wani dattijo mai furfura a gemu ya matso. Sunansa Malam Badaru.

"Ranka ya daɗe, waken da muka shuka ke nan. Ya fara fure, ƙwari suka sauka. Muka tambayi akwatin yarinyar nan, ya ce mu haɗa maganin ƙwari da mai jan murfi mu yi feshi. Muka yi. Ga abin da muka samu."

"Mai jan murfi ai maganin ciyawa ne," in ji Saja Ɗayyabu, wanda ya tsufa a aikin kuma yana noma a gefe.

"Mu ma mun yi mamaki. Amma da muryar Malam Abdulmuttalib malamin gona muka ji. Wa zai musa masa?"

Sufeto ya sa aka ba manoman benci, ya shiga da matashiyar ofis.

Sunanta Zuhra, 'yar Gafasa ce ta ƙasar Ajingi, ta karanta ilimin kwamfuta ta dawo gida. Sufeto ya sha ganin ƙananan akwatunan nan masu faifan sola a kan rufin gidaje da makarantu tun da aka dawo da shi Gaya daga Kudu, amma bai taɓa tsayawa ya tambaya ba.

"Injiniya, yi mini bayani yadda zan gane. Mene ne wannan abin?"

"Yallaɓai, Maƙwabta muke ce masa. Ka san ƙauyukanmu sabis sai an hau tudu, data kuma ba kowa ke iya saye ba. Shi ne na haɗa akwatunan nan. Kowane akwati yana ajiye wasu abubuwa: bayanin noma, na kiwo, darussan yara, wa'azi. Kuma kowanne yana jin akwatunan da ke kusa da shi."

"Babbansu yana ina?"

"Ba su da babba."

Sufeto ya ɗaga gira. "To in manomi yana neman abu, wa ke gaya masa inda yake?"

"Wayarsa za ta tambayi akwatin da ya fi kusa. In yana da shi ya ba shi. In ba shi da shi, sai ya tambayi maƙwabtansa, su ma su tambayi nasu, har tambayar ta isa ga mai shi. Sai abin ya biyo hanyar da tambayar ta bi ya dawo. Duk akwatin da ya ratsa, yakan ajiye kwafi, don gobe kada a sake yin nisa."

"Ba kamfani, ba gwamnati?"

"Babu. Mutanen gari ne suka ba mu rufinsu."

Sufeto ya jingina da kujera yana kallonta. Ya yi aiki a manyan birane, ya ga injiniyoyi masu motoci da direbobi, bai taɓa ganin irin wannan ba. Ga shi a mahaifarsa, a kan rufin kwano da na azara. Abin ya burge shi, amma bai nuna ba, domin har yanzu ita ce ake tuhuma.

"To ya aka yi ya yi ƙarya?"

"An sace mana akwati ɗaya a Gafasa, na gidan wani da ake kira Bappa. Na kai rahoto Ajingi tun makon jiya. Kowane akwati yana da hatiminsa, kuma 'yan'uwansa ba sa karɓar komai daga baƙo. Wannan muryar ta ƙarya da hatimin akwatin Gafasa ta shigo. Yana nan a kunne a wani wuri."

"Kashe shi mana."

"Ba zan iya ba sai na taɓa shi da hannuna. Babu wurin da zan zauna in ga dukkansu. Da gangan na yi shi haka, don kada ya zama in wuri ɗaya ya mutu kowa ya mutu."

Kafin manoman su tafi, Malam Badaru ya faɗi saƙon da ya zo da shi. Dattawan Kademi sun yanke shawara: in Juma'a ta zo ba a gano gaskiya ba, za a sauke duk akwatunan daga rufin garin. Na Gafasa ma sun ce za su bi sahu.

Zuhra ta sunkuyar da kai. 

DPO ya yi waya da takwaransa na Ajingi, aka haɗa ƙorafin biyu aka miƙa wa Sufeto. Da azahar shi da Saja suna Gafasa.

Bappa Bafulatani ne da ya zauna ya kama noma, amma har yanzu da 'yan shanunsa a bayan gida. Ya kawo musu tsani da kansa.

Sufeto ya hau. Faifan sola yana nan. Batir yana nan a cikin gidansa. Akwatin kaɗai aka ɗauka. An kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, ba a ɓalle ko ɗaya ba. Wayoyin da aka cire kuma an naɗe bakinsu tsaf da shuɗin salatef don kada su haɗu.

"Saja, ka taɓa ganin ɓarawon da zai bar sola da batir, ya kuma tsaya naɗe waya?"

"Sai dai in tausayin batirin yake ji, Yallaɓai."

Da ya sauko ya tambayi Bappa ranar da abin ya faru.

"Ina kasuwar Ajingi ranar. Mai ɗakina ce a gida."

Aka yi mata magana, ta tsaya a bayan zana. Sunanta Hanne.

"Inna, kin ga wanda ya hau?"

"Ina zan gan shi, ɗan nan? Sallama ya yi daga waje, ya ce, 'Goggo Hanne, za a hau sama.' Ka san in namiji zai hau rufi mata ɗaki suke shiga. Na kwashe 'yan matan muka shige. Na ɗauka masu gyara ne."

"Goggo Hanne ya ce?"

"Haka ya ce."

"Kin gane muryar?"

"Kunnen nan nawa ya yi nauyi. Muryar samari duk ɗaya take a wajena."

Bappa ya rako su har mota. Ya riƙe ƙofar ya ce, "Ranka ya daɗe, da akwatin nan na ceci saniyata bara, da ciki ya kumbure mata. Yarinyar nan a gabanmu ta girma. Ba za ta ƙone wa mutane gona ba."

"Za mu gani, Bappa."

A hanya Sufeto yana ta auna abin da ya gani. Ɓarawon ya san gidan, ya san sunan matar gidan, ya san aikin.

Washegari da safe suka je gidan Malam Abdulmuttalib, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, wanda muryarsa ce a yawancin bayanan noma na Maƙwabta. Sun same shi a zaure, fuskarsa a murtuke. Tun jiya bai fita ba, saboda kunyar haɗuwa da mutane.

Sufeto ya kunna masa muryar daga wayar Malam Badaru, wadda ya karɓa jiya.

"Muryata ce," in ji dattijon. "Amma wallahi ban taɓa faɗin haka ba. Na ƙare rayuwata ina hana mutane wannan gangancin."

"Mu sake ji."

Sufeto ya kara wayar a kunnensa ya rufe ido. Bayanin yana tafiya cikin shiru, sai kukan kurciya can nesa. Daidai inda aka ce "mai jan murfi" sai ƙarar injin niƙa ta faɗo ciki, ta kuma ɓace da kalmar ta wuce.

"Malam, a ina aka ɗauki bayanin wake?"

"Nan cikin zauren nan."

"Akwai injin niƙa kusa?"

"Babu." Sai dattijon ya ɗago. "Tsaya. Akwai ranar da muka ɗauki bayanin maganin ciyawa a bakin kasuwa, kusa da masu niƙa. Ƙarar ta yi yawa, Zuhra ta ce ba za a sa shi ba. Muka sake wani a nan."

"Wato wancan na kasuwa bai taɓa shiga akwati ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Su wa ke wurin?"

"Ni, da ita, da Anas abokin aikinta. Shi ya riƙe wayar."

Shagon da Zuhra ke aiki ɗan ƙarami ne a bayan tasha, cike da wayoyi da kwalaye. A nan Sufeto ya fara ganin Anas: dogo, mai fara'a, riga a goge. Tare suka yi karatu da Zuhra, kuma shi ne mai hawa rufi yana ɗaura akwatunan. Ya tashi ya ba Sufeto kujerarsa.

"Ranar kasuwar Ajingi ta makon jiya kana ina?"

"Ina Kano, Yallaɓai, sayo kayan aiki."

"Muryar da kuka ɗauka a bakin kasuwa, wadda ba a yi amfani da ita ba, tana ina?"

Anas ya ɗan yi tunani. "Tana wayata, tana kuma kwamfutar Zuhra. Amma, Yallaɓai, ba na son in ɗora wa kowa laifi. Akwai Kamalu mai cajin waya a Kademi. Na sha barin wayata a wurinsa. Da can shi ke tura wa mutane abubuwa a waya, Maƙwabta ta zo ta kashe masa wannan kasuwar. Kowa ya san yana jin haushi."

"Kamalu ya san gidan Bappa?"

"Ba mamaki." Anas ya juya wajen Zuhra. "Na daɗe ina gaya mata. Da muna da babbar na'ura guda a nan Gaya, komai ya biyo ta hannun mutum ɗaya, da tuni an danna maɓalli an kashe akwatin. Abu ba shugaba ai dole ya lalace."

"In na'urar ta mutu fa? In mai riƙe da ita ya ce sai wanda ya ga dama?" in ji Zuhra. Da jin yadda ta faɗa, ba yau suka fara wannan musun ba.

Sufeto ya miƙe. Ya ce wa Anas ya je caji ofis ya rubuta bayaninsa wurin Saja, ya kuma ce wa Zuhra ta ɗauko kwamfutarta ta biyo shi.

A cikin mota ya kashe rediyo.

"Injiniya, tambaya. In manomi ya nemi bayanin wake, akwatuna da yawa suna da na gaskiya. Me ya sa na ƙarya ke riga su?"

"Na duba wannan. Akwatin kirki sai ya bincika cikinsa kafin ya amsa. Shi wannan an taɓa shi. Da ya ji kalmar wake sai ya ce yana da shi, bai ko duba ba. Shi ya sa yake riga kowa."

"Duk tambayar da ke da wake a ciki?"

"Haka nake zato."

Sufeto ya yi murmushi karo na farko tun jiya. "A aikinmu, in ina shakkar mai ba da shaida, nakan tambaye shi abin da bai taɓa faruwa ba. Mai gaskiya zai ce bai sani ba. Maƙaryaci kuwa, don ya nuna yana wurin, sai ya ce e, ya gani. Tambayi akwatunanki abin da babu shi a duniya."

Yana faɗa yana kallon fuskarta, domin in tana da hannu a ciki, nan ne za ta fara kame-kame. Sai ya ga idanunta sun buɗe kamar an kunna fitila.

"Yallaɓai! Duk na kirki za su yi shiru, shi kaɗai zai amsa!" Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta. "Kuma zan iya gaya wa tambayar iyakar ƙofofin da za ta shiga. In na ce ƙofa ɗaya, ba za ta wuce maƙwabcin akwatin da muke tsaye a gindinsa ba. Duk inda muka samu amsa a ƙofa ɗaya, yana nan kusa. Me zan tambaya?"

"Rubuta: wake mai ƙaho."

Ta yi dariya, ta rubuta, ta saki tambayar ba tare da iyaka ba. Suka zuba wa sikirin ido. Tambayar ta fita daga akwatin tasha, ta bazu cikin gari, ta fita ƙauyuka. Ba a jima ba amsa ta dawo, guda ɗaya tak: ina da shi. Da hatimin Gafasa.

"Ga shi nan," in ji Zuhra a hankali.

Ta sake tura tambayar da ƙofa ɗaya. Shiru. Ba ya cikin Gaya.

Suka ɗauki Saja suka kama hanya. Duk inda akwai akwati sai su tsaya: kan rufin wata makarantar firamare, kan tankin ruwa, kan gidan wani mai unguwa. Zuhra ta tura tambayar, a yi shiru, su wuce. A ko'ina sai mutane sun fito. Wata mata ta ce da akwatin 'yarta ta yi bitar jarrabawa. Wani makiyayi ya tambaya ko gaskiya ne za a sauke su. Sufeto yana jin su yana kallon dawa ta yi kai a dama da hagu, da ɗan ƙyallin sola a saman kowane ƙauye, sai ya ji yana gyara zaman hularsa ba dalili.

"Saja, ka san duk yawon da na yi ban ga wannan a ko'ina ba?"

"Ai mu ma ba baya ba ne, Yallaɓai. Ba a dai zuwa a tambaye mu ne."

A gindin akwatin makarantar Kademi amsa ta dawo kafin Zuhra ta ɗauke yatsa.

Ta sauka da wayarta a hannu tana bin ƙarfin siginar. Ta wuce masallaci, ta wuce mai shayi, ta tsaya a gaban wani shago mai rufin kwano, wayoyi jere a kan tebur suna caji.

Kamalu gajere ne mai ƙiba. Da ya ga kaki sai ya miƙe har ya ture benci.

"Wa ya hau rufin nan kwanan nan?" in ji Sufeto.

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Tun da aka ɗaura solar ba wanda ya hau."

"Ka tabbata?"

"Na rantse."

Sufeto ya taka durom ya hau. A ƙarƙashin faifan solar, inda ba a gani daga ƙasa, ga akwatin an ɗaure shi da waya, ɗan koren haskensa yana ƙiftawa. An ja masa wuta daga solar Kamalu. Mahaɗin an naɗe shi tsaf da shuɗin salatef, sabo fil, ko ƙura bai yi ba.

Bai taɓa komai ba. Ya ɗauki hoto ya sauko, ya ja Kamalu cikin shago ya nuna masa.

Gumi ya karyo wa Kamalu. "Wallahi tallahi ban san da shi ba!"

"Amma ka yi mini ƙarya. An hau rufin."

Kamalu ya rage murya. "Ranka ya daɗe, solar ce. A hannu na saye ta, ba ni da rasit. Na ɗauka ita kuka biyo."

"Yau ba ita na zo nema ba. Wa ya hau?"

"Anas. Shi ya zo da kansa ya ce ya lura cajina ba ya ƙarfi, bari ya duba mini. Bai karɓi komai ba. Har na yi ta sa masa albarka."

"Yaushe?"

"Ranar kasuwar Ajingi, da yamma. Na tuna saboda ya ce daga can yake."

Zuhra tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta shigo ciki.

"Yallaɓai, shi ya ɗaura akwatin farko da hannunsa. Ranar har kuka ya yi."

"Na ji. Amma maganar Kamalu kaɗai ba za ta tsaya a kotu ba, kuma shuɗin salatef kowa na iya saye. Ina so ya zo da ƙafarsa. Za ki iya kiransa muryarki ba ta rawa ba?"

Ta gyaɗa kai.

Sufeto ya gaya mata abin da za ta ce. Ta kira, ta sa a amsa-kuwwa.

"Anas, kana ina? Mun gano akwatin yana cikin Kademi, amma ba mu san gidan ba. Mun juyo Gaya yanzu. Sufeto ya ce bayan la'asar zai dawo da 'yan sanda a bi rufi ɗaya bayan ɗaya."

"Alhamdulillahi," in ji Anas. "Ni ina shago, ina jiranku."

Saja ya kai motar bayan makaranta ya ɓoye. Aka ce wa Kamalu ya zauna a teburinsa kamar kullum, Zuhra kuma ta ɓoye a cikin shagon. Sufeto ya cire hula ya zauna a rumfar mai shayi, inda yake hango shagon ta tsakanin buhuna.

Ba a kira la'asar ba sai ga babur ya shigo da gudu, gajeren tsani ɗaure a bayansa.

"Kamalu, ya caji? Bari in ƙara duba maka wayar nan, na tuna ban ɗaure ta sosai ba."

Ya jingina tsani ya hau. Bai ko kalli wayar solar ba, hannunsa ya wuce kai tsaye ƙarƙashin faifan. Ya kwance akwatin, ya cusa shi cikin jaka, ya fara saukowa da baya.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya juyo, ya ga Sufeto riƙe da tsanin.

"Sannu da aiki, Anas. Ka ce kana shago."

"Yallaɓai, ai... tunani na yi, na ce bari in riga ku in duba rufin Kamalu, tunda shi nake zargi. Ga shi kuwa na samo."

"Ka kyauta. Ka samo shi ba ka ko leƙa ba. Kuma ka ce wa Kamalu waya za ka ɗaure." Sufeto ya karɓi jakar ya zazzage a kan tebur. Akwatin ya fito, da sukurudireba, da ƙullin shuɗin salatef da ya kusa ƙarewa. "Ranar kasuwar Ajingi ka ce kana Kano. Kamalu ya ce kana kan rufinsa. Matar Bappa ta ce wanda ya hau nasu rufin Goggo ya kira ta. Muryar bakin kasuwa a wayarka take. In ci gaba?"

Mutane sun fara taruwa. Malam Badaru ya ratso su ya tsaya a gaba. Zuhra ta fito daga cikin shagon.

Da Anas ya gan ta sai ya zauna a kan bencin.

"Ni ne," ya ce.

"Ɗaga murya. Mutanen da ka ƙone wa gona suna son ji," in ji Sufeto.

"Ni ne na ɗauko shi, ni na haɗa muryar." Ya share fuska da hannun riga. "Tare muka fara abin nan. Ni ke hawa rufi cikin rana, ni ke faɗowa. Amma duk inda ka je, akwatin Zuhra, akwatin Zuhra. Na ce mata mu yi babbar na'ura, ni in riƙe, in zama ina da matsayi. Ta ƙi. Na ce bari in nuna wa mutane abu ba shugaba haɗari ne, dole a dawo kan maganata. Na ɗauka ganye zai ɗan yi yaushi ne kawai. Wallahi ban yi zaton zai ƙone haka ba."

"Da aka kawo ta caji ofis fa? Da ka turo ni wurin Kamalu?"

Anas ya kawar da fuska.

Zuhra ta matso. Muryarta ba ta tashi ba. "Anas, ni ma ban riƙe komai ba. Ba ka gani ba? Ko kashe shi na kasa yi. Na mutanen nan ne, ba nawa ba, ba naka ba."

Malam Badaru ya dubi saurayin. "Yaro, abincin gidana na bana ka ƙone don a san sunanka. To, an sani."

Wasu samari suka fara matsowa suna ɗaga murya. Sufeto ya ɗaga hannu ɗaya, suka tsaya.

"Ba wanda zai taɓa shi. Kotu ce za ta yi magana, kuma duk wanda gonarsa ta ƙone ya zo gobe ya ba da bayani."

Saja Ɗayyabu ya sa wa Anas ankwa.

Malam Badaru ya juya wajen Zuhra, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, a gaban duk jama'ar garin.

"'Yata, mun ja ki har gaban hukuma ba ki ci ba ki sha ba. Ki yafe mana. Wannan ƙaryar da ta bazu cikin sauran akwatunan, za ta fita?"

"Za ta fita, Baba, tunda akwatin ya zo hannu. Zan gaya wa akwatin makaranta kada ya ƙara yarda da tsohon hatimin Gafasa, ya goge duk abin da ya zo da shi. Shi zai gaya wa maƙwabtansa, su gaya wa nasu. Kafin Juma'a ya kai ko'ina."

"To yi. Ba wanda zai sauke ko ɗaya a garin nan, in ina raye."

Ta zauna a kan bencin Kamalu ta buɗe kwamfutar, manoman suka kewaye ta suna leƙe. Kamalu ya jawo mata wayar caji da kansa.

Saja ya kawo motar. Sufeto ya buɗe ƙofar baya, ya dafa kan Anas ya shigar da shi, ya rufe. Wayarsa ta yi ƙara, DPO ne.

"An kama, Yallaɓai, ya kuma amsa."

"Madalla. Sai mu nemi ƙwararru daga hedikwata su zo su duba na'urar, ko?"

Sufeto ya waiwaya ya dubi taron da ke gaban shagon, da hijabi ruwan toka a tsakiyarsu.

"A'a, Yallaɓai, a bar su su huta. Muna da tamu ƙwararriyar a nan."

Ya sa hularsa, ya shiga gaba, ya ce wa Saja su tafi.